Akwatin da Yaya Ya Gyara

Ba don muni aka sa masa suna Buzuzu ba, ko da yake abokan tsokanarsa sukan ce da don haka ne ma, da ba a zalunce shi ba. Jitarsa ce ta jawo masa. Yana da wani ɗan akwatin ƙarfe da bai fi tafin hannu ba, wanda ake ajiyewa a ƙasa tsakanin jita da sifika, a taka da ƙafa. Da ya taka, sai muryar jitar ta dushe, ta yi kauri, ta shiga wani dogon gurnani kamar ƙwaro ya faɗa cikin gwangwani. Makaɗa faz suke ce wa irin wannan akwati. Matarsa gwangwanin kifi take ce masa. Shi kuwa Dattijo yake kiransa, don yana da shekaru, yana da taurin kai, kuma ba kullum yake tashi da fara'a ba.

A hannun wansa Buzuzu ya tashi. Mahaifinsu ya rasu yana ƙarami, Yaya ne ya ciyar da shi, ya sa shi makaranta, ya kuma zaunar da shi a kan benci a shagonsa na gyaran rediyo da niyyar wata rana ya gaje shi. Shagon yana ƙasan bene, Yaya da iyalinsa a ɗakunan da ke bayansa, Buzuzu a sama, matakala ɗaya mai duhu ta haɗa su. Yaya mutum ne mai tsafta a aiki har ta yi yawa. Sukundirebobinsa a jere suke daga babba zuwa ƙarami, dalmarsa ba ta ɗiga inda bai aike ta ba. A wurinsa duk ƙarar da ta fito daga sifika ba tare da an kira ta ba, cuta ce, kuma shi aka turo ya kashe ta. Rediyo zai shigo yana tari da shessheƙa, ya fita yana magana tas, Yaya ya goge hannu da tsumma ya ce, “Ya gyaru.” Ba shi da kalmar yabo da ta wuce wannan.

Ranar da Buzuzu ya ajiye ƙarfen narka dalma ya bi makaɗa, Yaya bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da tuni an wuce wurin. Shiru ya yi, shirun da ya raka su har furfura. Suna gaisawa kullum a gindin matakala, in ɗaya ya kwanta ciwo ɗayan ya kai shi asibiti, amma Yaya bai taɓa zuwa ya ga ƙanensa yana kiɗa ba, bai taɓa furta kalmar jita a gabansa ba. In baƙo ya tambaye shi sana'ar ƙanen, sai ya ce, “Yana ɗan fita da yamma,” ya ci gaba da abin da yake yi.

Dattijo kuwa a shagon kayan gwanjo Buzuzu ya tsince shi yana saurayi, cikin kwali ɗaya da tsofaffin wayoyi da dutsen guga. Faz uku ne a kwalin. Mai shagon ya nuna biyu ya ce lafiyarsu ƙalau, na ukun kuwa ya ce a bar shi, ba shi da lafiya, yau ya yi gobe ya ƙi. Buzuzu ya jona su ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya yi ƙara kamar ana yage kwanon rufi. Na biyu ya haɗiye jitar ɗungurungum, ko me ka kaɗa abu ɗaya yake mayar maka. Da ya taka na ukun ya ja tsirkiya ɗaya, sai sautin ya fito da dishi-dishi, ya tsaya ya ƙi mutuwa, can ƙarshensa ya ɗan karye kamar muryar mai danne kuka. Mara lafiyar ya ɗauka, mai shagon yana yi masa kallon wanda kansa ba ɗaya ba.

Zama da Dattijo sai mai haƙuri. Kunnuwa biyu gare shi na murɗawa, ɗaya na ƙarfin sauti, ɗaya na yawan gurnani, amma ba a nan rigimarsa take ba. Ba ya yarda wani akwati ya shiga tsakaninsa da jita, shi ne na farko a layi, in ba haka ba ya yi ta tsiwa. In ka gama ka manta ba ka zare masa waya ba, kafin safe ya shanye batir. Sabon batir kuma ba ya so, ihu yake sa shi. Sai wanda ya fara gajiya, wanda in ka ɗora a harshe za ka ji ɗan tsami, ba cizo ba. Irin waɗannan Buzuzu yake tsinta a kwandon sharar shagon Yaya, yana lasa yana zaɓa. Yaya ya sha ganinsa, ya ɗauka babu ce ta kai shi, har wata rana ya ajiye masa sababbi a kan matakala. Buzuzu ya kwashe ya rabar wa maƙwabta.

Zafi ma ba ya so. A cikinsa akwai wasu tsofaffin tiransista guda biyu, kamar 'yan hulunan ƙarfe masu ƙafa uku-uku, da sun ji ɗumi sai muryar ta yi laƙwas. Saboda haka kafin a fita wasa a firij yake hutawa, kusa da madarar yara, matar gida tana mita. Wani lokaci kuma, in an yi shiru tsakanin waƙa da waƙa, sai ya kamo tashar rediyo, a ji wani yana karanta labarai ƙasa-ƙasa daga cikin sifikar jita, jama'a su yi ta dariya, Buzuzu ya sunkuyar da kai kamar ɗansa ne ya yi abin kunya a gaban baƙi.

Amma ranar da ya ga dama, babu kamarsa. Buzuzu ba ya ma taɓa kunnuwan akwatin. Da ɗan ƙaramin yatsansa na dama yake juya maɓallin ƙarfin sauti na jikin jitar. Ya rage kaɗan, gurnanin ya janye, sautin ya yi garau da ɗan yashi-yashi a gefensa. Ya ƙara kaɗan, ya dawo da kaurinsa. Tsakanin waɗannan biyu akwai muryoyi barkatai, kuma duk iyawarsa a nan take. Ba shi da saurin yatsu, shi ma ya sani, yara da yawa sun fi shi gudu. Shi tsirkiya ɗaya zai danna ya riƙe, ya girgiza ta a hankali, ya bar Dattijo ya ƙarasa maganar.

Ya yi shekaru yana kiɗa a wani otal, a ƙungiyar wani mawaƙi da kowa ke ce wa Oga. Zaure ne mai jan kafet da ya sha taku, fankoki suna juyawa ba sa kore komai. Akwai waƙar da in ya kai tsakiyarta ya riƙe tsirkiyar nan, masu rawa sukan tsaya cak, masu raba abinci ma su tsaya da faranti a hannu har sai ya saki. A can ya samu matarsa. Tana aiki a ɗakin wanki da guga na otal ɗin, ta ji gurnani ta bango, ta ɗauka janareto ne zai kama da wuta, ta fito da gudu za ta kai rahoto, sai ta tarar da wani siririn mutum ya rufe ido yana taka gwangwani. Har gobe in sun yi faɗa takan ce da ta sani da ta kai rahoton.

Lokacin da fiyano mai lantarki ya shigo, mai kwaikwayon kowane irin kayan kiɗa, Oga ya sallami masu busa, ya sallami mai ganga, ya bar Buzuzu. Ba don ƙauna ba, na'urar ce dai ta kasa yin irin kukansa. Sau ɗaya suka shiga situdiyo ɗaukar faifai. Injiniyan ya ji gurnanin ya toshe kunne, ya ce a kashe wannan abin kafin ya fasa masa sifika. Oga ya ce a kashe. Faifan ya fito, jitar Buzuzu tana can baya tana bin sahu kamar ta kowa, ko sunansa babu a bango. Daga baya masu otal suka gano cewa mutum ɗaya da kwamfuta ya ishe su, aka ce kowa ya kama gabansa. Buzuzu ya koma koyar da 'ya'yan masu hali jita a falon iyayensu, inda ake roƙonsa ya rage ƙara don ana kallon talabijin.

Sai hannun hagu ya fara. Yatsu biyu na ƙarshe suka riƙa sandarewa da safe, sai ya jiƙa su a ruwan ɗumi kafin su lanƙwasa. Likita bai ɓoye masa ba, ya ce abin ba ya komawa baya, gaba yake yi, ko a hankali ko da sauri. Mutuwar hannun ba ita ta tsaya wa Buzuzu a rai ba, ya ga waɗanda suka fi shi sun ajiye. Abin da ke cinsa shi ne ya ƙare ƙuruciyarsa yana yin wani sauti, kuma sautin nan ba ya ko'ina sai cikin kansa da kan 'yan tsofaffin da suka yi rawa a otal, su ma suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ranar da hannun ya tsaya, shi ke nan, kamar bai taɓa yi ba.

'Yarsa Auta ce ta gane abin da ke damunsa. Tana aiki a kantin magani, kuma cikin masu sayen magani a wurinta akwai wani mai ƙaramin situdiyo. Ta bi shi da naci har ya ba ta safiya guda, ranar da ba shi da kowa. Ta dawo gida ta ce, “Baba, ka fito da Dattijo daga ritaya. Za a ɗauke ku, kai da shi, ba Oga, ba mai cewa a kashe.” Buzuzu ya ce yarinyar nan dai ba ta da aikin yi, ya shiga ɗaki ya turo ƙofa don kada ta ga fuskarsa. Washegari ya fara gwaji, kullum da hantsi in yatsun sun saki, gurnanin yana ratsa siminti yana sauka a kan teburin Yaya.

Shi kuwa Yaya a lokacin zaman shago kawai yake yi. Mutane sun daina gyara rediyo, in ya lalace sai su yar, su ji labarai a waya. Idonsa ya yi rauni, kunne ɗaya ya toshe, matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse. Amma kullum sai ya buɗe, ya share, ya jera sukundirebobi, ya zauna yana kallon titi. A nan Auta ta same shi, cikin ɗoki ta ba Baffanta labarin situdiyo. Babu wanda zai ce ta yi laifi.

Ana saura 'yan kwanaki, Buzuzu ya tafi asibiti gashin hannu. Yaya ya hau matakalar da ya daɗe bai hau ba, yana hutawa a tsakiya, ya yi sallama, ya ce wa matar ƙanensa ta ba shi akwatin nan da ake takawa. Ta buɗe firij ta miƙa masa, har da godiya.

Da yamma Buzuzu ya dawo, Yaya ya kira shi daga ƙofar shago da sunan da ba mai kiransa da shi sai shi.

“Ƙarami, zo.”

A kan teburin, bisa wani farin ƙyalle, ga Dattijo. An kankare masa tsatsa, an goge shi yana ƙyalli, an sa masa sababbin noti. Buzuzu ya matso yana kallonsa.

“Auta ta ce za a ɗauke ka a faifai,” in ji Yaya, idonsa a kan akwatin, ba a kan ƙanensa ba. “Na ce ba za ka je gaban mutane da wannan a haka ba. Da na buɗe shi, ni ban ma san yadda aka yi yake aiki ba. Tiransistocin nan biyu sun tsufa, yoyo suke yi, mitar awo ta nuna mini. Wanda ya haɗa shi tun farko ma bai daidaita su ba, shi ya sa suke shaƙe sauti. Na cire su na sa sababbi, na daidaita komai. Na sa masa abin da zai hana shi kamo rediyo. Ga kuma rami na huda a nan, ka jona shi a wutar gida, ka huta da lasar batir.” Ya ɗan yi murmushi, abin da ba kasafai yake yi ba. “Yanzu abin da ka ba shi shi zai ba ka, sai dai ya fi ƙarfi. Ya gyaru.”

“Tsofaffin fa, Yaya?”

“Tsofaffin me?”

“Waɗanda ka cire.”

“Na zubar mana. Motar shara ta wuce ɗazu. Me za ka yi da su?”

Magana ta taho wa Buzuzu har maƙogwaro, mai zafi, ta shekaru. Sai idonsa ya kai kan hannun Yaya, ya ga sabuwar ƙuna a babban yatsa, inda ƙarfen dalma ya same shi saboda ido bai gani sosai ba. Ya ga gilashin ƙara girma a gefe, ya ga rediyoyin da masu su suka kawo ba su dawo ba, sun yi ƙura a kan kanta. Wannan ne aikin farko da ya hau teburin nan cikin watanni, kuma karo na farko da Yaya ya sa hannunsa a wani abu na kiɗa. Buzuzu ya haɗiye abin da ya taho. Ya ce, “Sannu da aiki, Yaya,” ya ɗauki akwatin ya hau sama.

Ya jona ya taka. Sauti ya fito tas, da ƙarfi, ba dishi, ba yashi. Ya ja tsirkiya, ta yi ƙara ta mutu nan take kamar kowace tsirkiya. Ya murɗa kunnuwan har ƙarshe, ya juya maɓallin jita, ya sa gajiyayyen batir, ya kai shi firij ya dawo da shi. Babu. Yaya ba ya aikin rabi da rabi. Daga ƙasa ya ji an ƙwanƙwasa silin da sandar tsintsiya, alamar an ji, an kuma gamsu.

A kan matarsa ya sauke fushin, don ita ce ya san ba za ta karye ba. Ya ce ita da hankalinta, shekara nawa tana ganin abin nan a firij, za ta ɗauka ta ba mai gyaran rediyo. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce, “Yayanka ne ya hau bene da ƙafarsa ya tambaya. In ce masa me? Kai da ka tsaya a gabansa ɗazu, me ka ce masa?” Ya sauka ya leƙa durom ɗin shara na bakin layi, ya tarar an juye shi ƙaƙaf. Auta da ta ji labari ta yi kuka, ta ce ita za ta je ta gaya wa Baffa abin da ya yi. Buzuzu ya hana ta.

Washegari ya tafi shagon kayan kiɗa da ke bayan tashar mota. Mai shagon mace ce, 'yar tsohon mai gangan da suka yi otal tare, Kawu take ce masa. Ya ba ta labari a taƙaice, ba ta yi dariya ba, ya ji daɗin haka. Ta ce irin tiransistocin nan wuyar samu gare su, ko an samo wasu ma ba za su yi yoyo daidai da waɗancan ba, kowane da irin tsufansa. Ta jere masa sababbin faz a ƙasa, masu launi kamar alewa, ya wuni yana takawa. Waɗannan ba ruwansu da zafi, ba ruwansu da batir, muryarsu ta yau ita ce ta gobe, kuma a wurinsa wannan ne aibinsu. Wani kunnuwansa har biyar, ka murɗa wannan wancan ya ɓaci. Wani ya yi kauri har jitar ta nutse. Wani in ka rage maɓallin jita ƙara kawai yake ragewa, gurnanin yana nan kamar an liƙa shi da gam.

Can a ƙarshe ta ɗauko wani ɗan kore. Da ya ji ɗan yatsa sai ya ɗan janye, kuma ya riƙe tsirkiya ta daɗe kafin ta mutu. Ba Dattijo ba ne. Kamar ka je gaisuwar rasuwa ne ka ga ƙanen mamacin, kama tana nan, tafiyar ma iri ɗaya, amma ka san wanda aka binne. Duk da haka, da shi mai sauraro zai iya gane abin da Buzuzu yake nufi duk shekarun nan. Ta ce, “Kawu, tafi da shi, in ka gama ka dawo mini da shi.” Sauran kwanakin a bayan shagonta ya yi gwaji, don kada a ji a ƙasan bene. Shirinsa mai sauƙi ne, ya sa koren a aljihun jakar jita, ya bar Dattijo a gida, in Yaya ya tambaya a ce an yi amfani da shi.

Ranar ɗauka ya sauko da jita a kafaɗa, Auta na biye da shi. A gindin matakala ya tarar da shago a kulle da kwaɗo, ranar aiki, abin da bai taɓa gani ba ko ranar da Yaya ya tashi da zazzaɓi. Yaya na tsaye cikin kayansa na fita unguwa, sun sha guga.

“Auta ta ce ana barin mutum ya zauna a gefe,” ya ce. “In ba zan takura ba.” Ya dubi hannun ƙanensa. “Ina akwatin?”

Buzuzu ya ce ya manta shi a sama. Yaya ya girgiza kai irin na wanda ya saba da sakacin ƙanensa, ya ce Auta ta hau ta ɗauko. A cikin tasi a kan cinyarsa ya riƙe shi, da hannu biyu.

Situdiyon ɗan ƙaramin ɗaki ne a bayan wani shagon ɗinki, an manna wa bangonsa soso, gilashi ya raba shi biyu. Mai wurin ya tarbe su da fara'a ya ce, “Baba, tun da Auta ta ba ni labarin tsohon faz ɗin nan nake ɗokin in ji shi. Irinsu yanzu sai a hoto.” Yaya ya miƙa masa akwatin ya ce, “Ga shi. An ɗan duba shi.” Aka ba shi kujera a bayan gilashi, daidai inda zai riƙa ganin ƙafar ƙanensa.

Buzuzu ya durƙusa yana jona wayoyi. Jakar jitar tana gefensa, aljihun a buɗe, koren yana leƙowa. Auta ta shigo da ruwa ta sunkuya kusa da kunnensa.

“Baba, ka sa koren. Ni zan yi wa Baffa bayani. Safiyar nan ɗaya ce, ba za a sake ba mu nan kusa ba, hannunka kuma ka sani.”

“Na sani.”

“To?”

Ya ɗaga kai. Ta cikin gilashi ga Yaya zaune a bakin kujera, ya karkato da kunnensa mai ji, yadda yake yi in zai saurari rediyon da ya gama gyarawa. Buzuzu ya ji haushinsa, haushi na gaske, wanda bai taɓa yarda ya ji ba. Mutumin nan ya ƙi zuwa lokacin da zuwansa zai yi daɗi, sai yau. Ya kuma san in ya ajiye koren a ƙasa ya taka, gurnani ya fito, Yaya ya ga yadda mai situdiyo zai yi tsalle don murna, to shi ba wawa ba ne, nan take zai gane abin da ya kashe, a gaban baƙo da 'yar ƙanensa, kuma ba shi da sauran shekarun da zai manta. Buzuzu ya ja zif ya rufe aljihun.

“Je ki zauna kusa da Baffanki,” ya ce.

Ya taka Dattijo, ya fara. Mai situdiyon ya saurara, ya duba na'urorinsa, ya danna maɓallin magana.

“Baba, an taka kuwa?”

“An taka.”

“Ai ban ji faz ɗin ba. Akwai na kwamfuta, in ɗora maka?”

“A'a, ɗana. Haka ake so.”

Yaya ya gyaɗa kai a bayan gilashi.

Sauti mai tsafta ba ya rufa wa makaɗi asiri. Da, in ya danna tsirkiya, Dattijo yakan riƙe ta har yatsun da suka sandare su lallaɓa su isa wuri na gaba. Yanzu tana mutuwa kafin su isa, sai rami ya buɗe a tsakiyar waƙa, kowa yana ji. Ya yi ƙoƙarin cike ramukan da gudu, gudun da ko yana saurayi ba shi da shi. Ɗan yatsansa na dama ya yi ta zuwa kan maɓalli da kansa yana juyawa, babu mai amsa masa. Waƙar nan da ke tsayar da masu raba abinci ta fito 'yar siririya, kamar ta mai koyo da ke ƙoƙari. Ya yi su duka bai tsaya ba, har hannun ya ƙi lanƙwasa. Auta tun a waƙa ta biyu ta fita waje.

Aka sa musu su ji. Mai situdiyon ya ce ya yi kyau, irin faɗin da ake yi wa tsoho. Da aka gama, Yaya ya cire tabarau ya goge ido da bayan hannu.

“Ƙarami, ka yafe mini,” ya ce. “Shekara da shekaru ina jin ka a saman kaina, ina cewa yaron nan ya bar sana'a ya kama abin da bai iya ba. Shi ya hana ni zuwa, kada in ga ana yi maka dariya. Ashe ka iya. Akwatin banza ne ya cuce ka, ni kuma ina zaune a ƙasa da kayan gyara, girman kai ya hana ni hawowa. Da tun kana saurayi na gyara maka shi, da yanzu wani zancen ake yi.”

Tun yana yaro Buzuzu yake jiran mutumin nan ya ce masa ya iya. Ga shi ya faɗa, a kan abin da ba nasa ba. Ya ji ɗaci har a harshensa. Ya ce, “Ba komai, Yaya. Na gode.”

Ya mayar da koren, mai shagon ta dubi fuskarsa ta karɓa. Auta ta ci gaba da naci har aka yi mata alkawarin wata safiyar, amma kafin ta zo yatsun biyu sun naɗe cikin tafin hannu, na uku ya bi su. Jitar ta koma saman kwaba cikin jakarta.

Yaya kuwa ya sa aka zuba masa waƙoƙin a ɗan katin memori, ya haɗa sifikar da ta fi kowacce kyau a shagon, ya kafa ta a bakin ƙofa. Kullum da ya buɗe ya share sai ya kunna. Duk wanda ya tsaya, ko mai tambayar hanya ne, sai ya nuna masa sama da yatsa ya ce, “Ƙanena ne wannan. Ni na gyara masa akwatin.” Buzuzu yana kwance a sama yana jin kowane rami a inda ya bar shi. Yakan tashi ya rufe taga da hannun dama, amma ta siminti sautin yake hawowa.